Ga ƴan Maradi da suka samu garka a Faransa: Satumba lokacin rufe ƙasa ne

Ƴan uwa da kuka tafi Faransa bana, musamman ƴan Jiratawa, Tibiri da Madarunfa da hannunku ya saba da ƙasa, ku juya lissafin watanninku kafin ku taɓa hauya. Mu nan Maradi, da zarar an yanke hatsi, ruwan Gulbi ya ja baya, sai a shiga gyaran fangali da rainon albasa, tumatir, shu da salati. Oktoba ne bakin aiki. A can kuwa, daga 22 ko 23 ga Satumba dare yake fara fin rana tsawo, ƙasa tana yin sanyi, shuka tana rage girma. Wanda ya zuba irin tumatir a watan nan ya yi asarar iri.

Filin ma sai an nema. Ana rubuta suna a ma'aikatar magajin gari ko wajen ƙungiyar da ke kula da garkunan iyali, a jira layi, a biya kuɗin shekara. Galibi abin da ka noma na tukunyarka ne, ba a yarda ka kai kasuwa ba.

Idan kun gaji fili da shuka a ciki, ku fara da kwashe abin da ba ya jure sanyi. Kuɓewa, yakuwa, yalo, tattasai da barkono, dare ɗaya raɓa ta daskare, da safe sai ka tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. A arewacin ƙasar wannan na iya zuwa tun Oktoba. Tumatir kuma tun kafin sanyin, laima ke jawo masa wata cuta mai sa tabo ruwan ƙasa a ganye da ƴaƴa. Ku tsinke har ɗanyun, ku jera su cikin kwali a ɗaki tare da ayaba ko tuffa ɗaya, za su nuna. Kabewa a yanke ta da ɗan guntun karanta, ta fi daɗewa. Mai zogala a tukunya ya shigar da ita ciki kusa da taga.

To, babban aikin shi ne ƙasar kanta, kuma nan ne al'adarmu ke cin karo da tasu. Mun saba kwashe kara don dabbobi da darni, a tara saura a cinna wuta, gona ta yi tas. A Faransa ƙona ciyawa da ganye a garka haramun ne, akwai tara. Ko ba don doka ba, barin ƙasa tsirara ɓarna ce, domin can da hunturu ruwa yake yini yana zuba, ya wanke abincin ƙasa ya daddaɓe ta. Saboda haka ake rufe ta. Ganyen itatuwa da ke zuba a Oktoba kyauta ne: ku cika buhuna, ku shimfiɗa shi da kauri kamar tafin hannu. Tsutsotsin ƙasa za su yi ta ja da shi ƙasa har bazara, ku tarar wurin ya yi baƙi ya yi laushi ba tare da kun kafta ba. Taki kuma, tunda babu Bafulatanin da zai kwantar muku da shanu, ku tambayi wuraren kiwon dawaki na kusa. Da yawa suna neman wanda zai kwashe musu kashin doki. Yanzu ake zuba shi, ya ruɓe kafin lokacin shuka.

Wata dabarar da na fi so ita ce shuka abin da ba za a ci ba. Ana watsa irin wasu ganyaye da ake kira moutarde ko phacélie a farkon Satumba, ko seigle, wani dangin alkama, har cikin Oktoba, ya rufe fili, daga baya a yanke a bar shi ya ruɓe a wurin. Manomin Maradi da ya san amfanin barin gawo a gonarsa ba zai yi mamakin wannan ba.

Ba wai an daina shuka gaba ɗaya ba. Alayyahunsu na sanyi, da wani ƙaramin salati da ake kira mâche, yanzu ake zuba su. Tafarnuwa a Oktoba zuwa Nuwamba, tsini sama, a tone a Yuni ko Yuli.

Abin da zai dame ku shi ne wata irin katantanwa marar ƙoƙo da ke fitowa da dare ta lashe sabon tsiro. Kada wanda ya ce a aiko masa da piya-piya daga gida. Tun 1 ga Janairun 2019 doka ta hana masu garka saye, ajiyewa ko fesa magungunan ƙwari na sinadari. Ku ajiye katako a kan ƙasa mai laima, da safe ku juya shi ku tsince katantanwar da ta ɓuya a ƙarƙashinsa. Haka ma irin kuɓewa da yakuwa da Inna ke ƙulla muku a leda: tun Disamban 2019 shigar da iri Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. Ku bar ƴan kuɓewa su bushe a kan uwarsu kafin sanyi, ku ajiye irin a ambulan, wuri marar laima, sai Afrilu ku fara rainonsa a cikin ɗaki.