Yadda ake cika sharuɗɗan likita kafin fara maganin homon na sauya jinsi

Yawancin waɗanda na ga sun ɓata watanni a wannan hanya ba likita ne ya kore su ba, ƙofar da ba tasu ba suka yi ta ƙwanƙwasawa. Bayanin nan na manya ne, 'yan shekara 18 zuwa sama. Na yara dokarsu daban, kuma kowace ƙasa da tata.

Tun kafin ku nemi ranar ganin likita, ku san tsarin da asibitin yake bi, domin iri biyu ne. A na farko, sai wani ƙwararre ya tantance ku ya rubuta takarda, sannan likitan homon ya rubuta magani. Haka NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, take yi a Ingila: a tura mutum asibitin jinsi ya shiga layi, layin kuwa na shekaru ne. A na biyu, likitan da kansa zai zayyana muku amfani da haɗarin maganin, ya tabbatar kun fahimta, ku sa hannu. Asibitoci da dama na Planned Parenthood, ƙungiyar kula da lafiyar haihuwa a Amurka, suna bin wannan.

To a nan ake faɗuwa. Mutum zai ji ana cewa "sai da takarda", ya ruga wajen mai ba da shawara, ya yi ta biyan kuɗin zama, ya karɓo takardarsa cike da murna. Ranar da ya miƙa ta, ma'aikaciyar ta juya ta, ta duba sa hannun, ta ce ba sa karɓar ta mai irin wannan shaidar aiki. Wani kuma sai a ce masa ai su ba sa ma buƙatarta. Saboda haka ku buga waya tukuna. Ku tambaya ko ana buƙatar takarda, daga hannun wa, me za ta ƙunsa, kuma tsawon wane lokaci take aiki. A wurina, amsar baki ba amsa ba ce. Ku ce a aiko muku a rubuce. In kuna da inshora, ku sake yi musu waɗannan tambayoyin, don sharuɗɗansu daban ne da na asibiti, kuma sukan nemi likita ya rubuta sunan lalurar da lambarta kafin su biya ko sisi.

Yana da kyau ku san abin da likitocin suke dubawa. WPATH, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan lafiyar masu sauya jinsi, ta fitar da bugu na 8 na ƙa'idojinta a 2022, inda tantancewar ƙwararre ɗaya ta wadatar ga babba. Bugu na 6 na 2001 shi ne ya nemi wata uku na zaman shawara ko na rayuwa a sabon jinsi kafin magani, kuma har yanzu akwai likitan da nan ya tsaya. In kun ci karo da shi, ku tambaye shi cikin ladabi wane bugu yake bi. Gardama ba ta sauya tsarin asibiti, neman wani likitan ya fi sauri.

Ranar ganawa kada ku haddace labarin wani daga intanet, ku faɗi naku. Kada ku ɓoye shan taba, tarihin daskarewar jini, hawan jini, ciwon hanta, ko maganin homon da kuka riga kuka sayo da kanku. Wannan na ƙarshen shi aka fi ɓoyewa, alhali gwajin jini zai tona shi. Istirojin, wato homon mata, da taba sigari kuwa suna ƙara haɗarin daskarewar jini, dole likita ya sani. Ciwon damuwa ba ya rufe ƙofa kai tsaye, ana dai so a ga ana kula da shi.

Maganar haihuwa ku tayar da ita da kanku kafin ƙwayar farko ko allurar farko, domin maganin yana iya rage ta. Adana maniyyi ko ƙwan haihuwa yana da tsada, ƙwai ya fi, amma tun farko ya fi sauƙi. Testostiron, wato homon maza, ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne. Kaurin murya da girman nono kuma ba sa komawa ko an daina.

Saura gwajin jini. Za a yi na farko kafin a fara. Mai testostiron ana bibiyar kaurin jininsa, mai spironolactone, maganin rage aikin homon maza, kuma sinadarin fotashiyam. Ƙa'idar 2017 ta Endocrine Society, ƙungiyar likitocin homon, ta ce a duba duk wata uku a shekarar farko, daga nan sau ɗaya ko biyu a shekara. Ku riƙa karɓar kwafin kowane sakamako da kowace takarda kuna ajiyewa, don in kuka sauya likita ko inshora, su za a fara nema.