Lemun tsami ko yakuwa: wanne ya dace da garkarka a Maraɗi?

Kafin ka biya kuɗin dashen lemun tsami, ka leƙa rijiyarka a watan Afrilu. Abin da ka gani a cikinta shi zai raba gardama tsakanin lemu da yakuwa. Damina a Maraɗi ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Yakuwa, wadda wasu ke ce wa sure, ruwan saman nan ya ishe ta daga shuka har girbi. Lemu kuwa, sauran wata takwas ɗin a wuyanka yake, har da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mai garka a bakin Gulbin Maraɗi, ko wajen Jiratawa da Madarunfa inda ruwa ke kusa, yana iya ɗaukar wannan nauyi. Wanda ke kan jigawa yana sayen ruwa bido bido, ya tsaya ga yakuwa, ko ya dasa lemu guda ɗaya tak a tsakar gida.

Idan ruwan ya samu, nemi dashe mai aure, wato wanda aka haɗa reshen lemu mai kyau a kan gindin wani. Yakan fara ƴaƴa a shekara ta biyu ko ta uku, alhali wanda aka raya daga ƙwallo kan kai shekara huɗu zuwa biyar. Dubi gaɓar auren da kyau: ta warke sarai, babu tsaga, babu ƙaro. Haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin 60, wata guda kafin dashe. Ƙasar sama ka ware ta gefe, ka cuɗa ta da bokiti biyu na takin dabbobi da ya ruɓe, ka mayar cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Tsakanin itace da itace a bar mita 5 zuwa 6. Lokacin da ya fi shi ne Yuli, in damina ta zauna, da yamma.

Wurin dasawa ne aka fi yin kuskure. Mutane na nutsa dashen cikin rami mai zurfi don ruwa ya taru a gindinsa, suna ganin gata suka yi masa. Wannan ruwan ne ke kashe shi. Gindin lemu ba ya son jiƙa. In ruwa ya daɗe yana taɓa ɓawon, sai ka ga ya fara zubar da ƙaro mai danƙo, ɓawon ya yi baƙi ya tsage, ganye ya yi ɗorawa, reshe ya bi reshe yana bushewa. Don haka ƙasar ledar ta zo daidai da fuskar ƙasar garka, gaɓar auren kuma ta tsaya sama da ƙasa da kamar taƙi guda. Sannan a yi da'ira biyu: ƙaramar kunya kewaye da gindi, mai hana ruwa isa gare shi, da babbar kunya daga waje. A tsakaninsu ake zuba ruwa. Duk shekara a faɗaɗa ta wajen ta bi inuwar rassan, domin a nan saiwoyin da ke shan ruwa suke.

Ƙaramin itace yana buƙatar bido guda mai lita 25 duk bayan kwana biyu ko uku da rani, kullum kuma in bazara ta tsananta a ƙasa mai rairayi. Babba yana shan ninki uku zuwa huɗu na haka. Shayarwa mai yawa jefi-jefi ta fi yayyafi kullum. Abin da lemu ya fi ƙi shi ne a bar shi da ƙishi mako biyu yana cikin fure, sannan a malala masa ruwa: furen da ƙananan ƴaƴan duk za su zube. A rufe da'irar da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa gindi saboda gara. Takin zamani na 15-15-15 kuwa, gram 200 ya isa a shekarar farko, a raba shi uku, a zuba nesa da gindi a bi da ruwa.

Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure a cire shi tun yana ɗanye. Na uwar gindin ne, ya fi ƙarfi, in aka bar shi zai danne lemun da ka saya. Akwai kuma tsutsa mai kama da kashin tsuntsu da ke cinye sabon ganye. A ƙaramin itace tsince ta da hannu ya wadatar. Awaki kuwa sai shinge.

Yakuwa ba ta da wannan dogon lissafi. Ana shuka ta daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, ƙwaya 3 zuwa 5 a rami, zurfin santimita 2 ko 3. Cikin mako guda ta tsiro. Bayan mako uku a rage, a bar biyu. In soborodo ake so, a ba ta fili: santimita 80 tsakanin layi, 50 tsakanin rami. In ganyen miya ake nema, a matse ta, a fara tsinka daga mako na biyar ko na shida. Kada a haɗa buri biyu a kan gindi ɗaya, domin wadda aka yi ta tsinke wa ganye ba ta ba da soborodo mai kauri. A ware layin miya daban.

Akwai halinta guda da ya kamata a sani. Ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, ko da yaushe aka shuka ta cikin damina. Wanda ya makara har Agusta, tasa za ta yi fure tana ƴar guntuwa, da rassa kaɗan, girbin ya zama na jeka-na-yi-ka. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ta noman rani ta fi dacewa da ganye. Yawan takin yuriya ma ganye yake ƙara mata, ba ƴaƴa ba.

Abokan gabanta su ne ƙananan ƙwari masu tsalle da ke huda ganye kamar rariya, da jan ƙwaron auduga da ke tsotsar iri. A daka ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako. Idan ta yanƙwane alhali ƙasa na da laima, tuge guda ka duba saiwar. In ka ga ƙulle-ƙulle a jikinta, ciwon na cikin ƙasa ne. Kada a maimaita ta a wurin, kada kuma a bi ta da kuɓewa ko rama, don danginsu ɗaya. A sa gero ko dawa.

Ana yanke soborodo kamar mako uku bayan furen ya faɗi, yana da tsoka, kafin ƙwanson ciki ya bushe ya fashe. A ɓare shi ranar da aka yanke, da tsumma a hannu saboda ƙaiƙayi, a shanya a kan tabarma, ba a ƙasa ba. Kilo 8 zuwa 10 na ɗanye ne ke ba da kilo guda busasshe. Irin da ya ƙosa na daudawar batso ne, a kuma ajiye na baɗi daga gindin da ya fi ƴaƴa masu kauri.

Mai ruwa da fili yana iya haɗa su. A shekara uku na farko, tazarar da ke tsakanin itatuwan lemu a banza take zaune. A shuka yakuwa layi uku a tsakiya, a bar mita ɗaya da rabi daga gindin kowane lemu, don tana iya kai mita biyu ta yi wa dashen inuwa ta kuma raba ruwa da shi. Da rassan lemu sun fara kusantar juna, a mayar da yakuwa bakin shinge, inda rana ke samunta yini guda.