Yadda za ka bi sawun cutar ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da hotunan MRI

To an damƙa maka hotunan MRI na mutane, kowa an ɗauke shi sau biyu ko uku cikin shekaru, aka ce fito mana da yadda cutar ke tafiya. Ga yadda nake bi.

Abin da ake aunawa dai fararen tabon nan ne da ke fitowa a hoton FLAIR (wani nau'in hoton MRI), kamar an yayyafa alli a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Kar ka tsaya a ma'aunin Fazekas na 1987, wanda ake ba tabon maki da ido, daga 0 zuwa 3 ne kawai, mutum sai ya shekara biyar yana kan 2 alhali tabon na ta ci. Auna girmansa da mililita, ka sa girman ƙoƙon kai a lissafin tunda kawuna ba ɗaya ba ne. Kuma ƴan tsiraru ne ke da tabo jibgi, saura ɗan kaɗan, shi ya sa ake ɗaukar logarizim na girman tabon tukuna, wato lissafin da ke matse manyan lambobi.

Kowane hoto layinsa daban a tebur. Wajen lokaci nan mutane ke kwafsawa wallahi, wani ya dawo bayan shekara 4.2 wani 5.6 amma sai a rubuta "zuwa na biyu" a wuce, a'a, sa ainihin shekarun tun daga hoton farko. Sai ka buɗe manhajar lissafi ta R ka kira umarnin lmer na kunshin lme4, ka ba kowa mafarinsa (girman tabonsa a farko) da saurin hawansa, amma fa in hoto biyu kacal kowa ke da shi to haƙura da saurin, lissafin ba zai yiwu ba.

In hawan jini kake zargi, ninka shi da lokaci a lissafin, don tambayar ita ce ko yana ƙara gudun cutar. A gwajin SPRINT MIND na Amurka, 2019, waɗanda aka nemi sauke lambar sama ta awon jininsu ƙasa da 120 tabonsu bai ƙaru kamar na ƴan 140 ba.

Sai ka lura da waɗanda ba su dawo ba, galibi su ne suka fi jin jiki ko suka rasu, in ka share su cutar sai ta yi kamar mai sauƙi. Duba ko an canja na'ura daga 1.5T zuwa 3T (ƙarfin maganaɗisunta ke nan) a tsakani, sa ta a lissafi. In ka ga tabon wani ya ragu kar ka goge wai kuskure ne, a binciken RUN DMC na Nijmegen a ƙasar Holan, mutum 503 tun 2006, an ga waɗanda nasu ya ja baya.