Yadda unguwa za ta kai ƙarar gurɓataccen ruwa a Sakkwato

A wasu jihohin Amurka jama'a kan tara sa hannu, a kaɗa ƙuri'a kan dokar da suke so. Mu tsarin mulkin 1999 bai ba mu wannan ba, amma akwai hanyar bi idan famfo ya kawo ruwa ja, ko aka haƙa rijiya dab da masai.

Ku fara da shaida. Ku ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, ku rubuta rana da wuri, ku kai ɗakin gwaji a ranar. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa na 2007 ya ce kada a sami ƙwayar E. coli (ƙwayar cutar da ake samu a bayan gida) ko ɗaya cikin mililita 100. Ni ban yarda da ƙorafin baki ba, iska ke kwashe shi.

Daga nan sai wurin mai unguwa, kada ku tsallake shi. A rubuta takarda ɗaya, magidanta su sa hannu, mata ma su sa, don su suka san yaron da ya kwana yana gudawa. A kai wa kansila, da sashen duba-gari na ƙaramar hukuma, da Hukumar Ruwa in famfo ne. Ku tsaya sai an buga hatimi a kwafinku.

In ruwan leda ne, wannan na NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Idan aka yi shiru, ku nemi bayani a rubuce: dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Kafin nan, don Allah a riƙa tafasa ruwan yara.