Yadda na tsara wa ɗana lokacin bayan gida

An haifi ɗana da ƙullutu a ƙasan baya, abin da likitoci ke kira sifaina bifida. An yi masa aiki yana jariri, amma jijiyoyin da ke sanar da mutum cewa bayan gida ya matso ba su aiki yadda ya kamata. Ba ya jin zuwansa, ba ya iya riƙe shi. Yanzu shekararsa 7, yana zuwa boko da Islamiyya a nan Tudun Wada, kuma sai mu yi kwanaki bai ɓata wando ba. 'Yar'uwa, ga abin da muke yi.

Ki zaɓi lokaci guda ki riƙe shi kamar lokacin salla. Hanji yakan motsa da kansa minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci. Mu bayan tuwon dare muke yi, don da safe kowa sauri yake. Ina zaunar da shi a kan kujerar bayan gida kamar minti 10, in sa masa kujera 'yar tsugunno ya ɗora ƙafa yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu tsawo. Sai in ba shi usur ya yi ta busawa, busar ce ke sa shi yunƙuri. Kafin nan nakan shafa masa ciki a hankali, daga ƙasan dama in hau sama, in tsallaka, in sauko ta hagu. Ko biki muka je cikin birni, lokacin nan ba ya wucewa.

Abinci ba sai mai tsada ba: kwaɗon zogale, rama, wake, miyar kuɓewa, gwanda. Ruwa ne babba. Da hunturu yaro ba ya neman ruwa, to a lokacin kashi ke zama kamar tsakuwa. Nakan cika masa gora biyu, in duba ko ya shanye.

Ga inda na taɓa yin kuskure. Na ga ruwa-ruwa na zuba a famfas, na ɗauka gudawa ce, na dakatar da maganin tausasa kashi. Ashe busasshen kashi ne ya toshe hanya, ruwan yana bi ta gefensa. Cikinsa ya kumbura, ya ƙi abinci, na kwana ina kuka. In kin ga haka, kada ki ba da maganin tsayar da zawo. Ki kai shi a duba. Lactulose, wato maganin tausasa kashi na sha, ko ɗan maganin gilisarin da ake matsawa a dubura, likita ne zai faɗi adadi. Ruwan sabulu ko jiƙo ta dubura kuwa, don Allah a bari.

Yara masu wannan larura da yawa jikinsu ba ya jituwa da irin robar da ake kira latex, don haka ki nemi safar hannu wadda ba ta da ita, ki kuma raba shi da balan-balan. Bayan tsarki ki tsane wurin ki shafa Vaseline, ki duba fatar da idonki, tunda ko ta salɓe ba zai ji zafi ba.

Amai, kumburin ciki, zazzaɓi, ko fitsari mai wari, musamman ga yaron da aka sa wa robar zuƙe ruwa a kai, ba abin jira ba ne, mu asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, muke nufa. Ina tafiya da ɗan littafin da nake rubuta ranar da ya yi da yadda kashin ya fito, shi likita ke fara karɓa a hannuna.