Yadda Ake Gane Garin Bature Daga Karin Harshensa

Wanda ya koyi Turanci a makaranta, ya kuma saba da na masu karanta labarai a BBC, yakan sha mamaki ranar da ya shiga motar haya a Liverpool ko Glasgow, domin maganar direban ba ta yi kama da abin da ya sani ba. Lafazin da aka koya mana na 'yan tsiraru ne, sauran jama'ar Birtaniya kuwa kowa da karin harshen garinsu, kuma suna alfahari da shi.

Fara da kasa kunne ga kalmomi biyu, bath da bus. Mutumin Landan yana jan wasalin ta farkon, na Leeds ko Manchester kuwa gajarta shi yake yi. Ta biyun ta fi sauƙi: ɗan arewacin Ingila yana furta ta da "u", daidai yadda Bahaushe zai karanta rubutun, amma a bakin ɗan kudu ta fi kusa da "bas". Daga nan sai ka lura da harafin "r" a ƙarshen kalma irin car. Yawancin Ingila sun yar da shi, saboda haka idan ka ji ya fito sarai, mai maganar wataƙila daga Sikotilan yake, ko Ayilan, ko yankin Bristol.

A ganina babu makarantar da ta kai hirar 'yan ƙwallo. Saurari Jamie Carragher na Liverpool, sannan Alan Shearer na Newcastle, sannan Alex Ferguson na Glasgow, kana maimaita kowace hira har kunnenka ya saba. Tsakanin Liverpool da Manchester bai wuce kimanin kilomita 50 ba, amma maganarsu ta sha bamban, domin Liverpool gari ne na bakin teku da mutanen Ayilan suka kwarara cikinsa, musamman lokacin yunwar shekarun 1840.

Inda ake yin kuskure shi ne bayan an gane. Kada ka kwaikwayi mutum a gabansa, ko da wasa kake, domin a can karin harshe yana tafiya da maganar talaka da mai hali, kuma an daɗe ana raina na wasu garuruwa. Lokacin da BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire da ke arewacin Ingila, karanta labarai a 1941, wasu masu sauraro ƙorafi suka yi a kan karin harshensa. Kada kuma ka ce wa ɗan Sikotilan ko Wales ɗan Ingila ne. Tambaye shi garinsu, zai gaya maka da murna. Idan magana ta shige maka duhu, ka roƙe shi ya maimaita a hankali, ba tare da nuna masa cewa Turancinsa ne ke da gyara ba.