Kada ku yar da tsagaggen tulu

'Yan uwa, tulun da ya tsage ko randar da ta fara yoyo, ku dasa alobera a ciki.

Ku fara zuba tsingaro a gindi, sannan yashi kashi 2, ƙasa kashi 1.

Alobera a ganyenta take ajiye ruwa, yawan jiƙa ne ke kashe ta. Tukunyar ƙasa kuwa tana tsotse danshi, tsagar nan kuma ta zama mafitar ruwa.

Ku tura yatsa cikin ƙasar. Sai ta bushe ƙamas za ku ba ta ruwa.

Amma da damina, musamman watan Agusta, ku janye ta ƙarƙashin rumfa. Tawa ta farko a bakin indararo na bar ta, saiwar ta ruɓe, har yau ina jin takaicin.